BA A YI WA MAI RAI JANA'IZA: MARTANI GA MASU CEWA WASIƘA TA MUTU

Kafin in ce komai, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙoshi tun zaman karatu na ƙarshe da na halarta. A wurin zaman na karanta wata 'yar maƙala a kan yadda nake sa ɗalibaina rubuta wasiƙa da hannu zuwa ga takwarorinsu na wata makaranta. Ina zama sai wani ɗan'uwa marubuci, matashi mai hazaƙa wanda nake ganin mutuncinsa, ya miƙe ya ce wai wasiƙa ta daɗe da mutuwa, an yi mata wanka an binne, kuma duk malamin da yake tilasta wa yara ita a wannan zamani ɓata musu lokaci kawai yake yi, yana shayar da su tsohon yayi don shi ya kasa rabuwa da ƙuruciyarsa. Aka yi masa tafi raf-raf-raf. Lokaci ya ƙure, shugaban zama bai ba ni damar mayar da martani ba. A ranar na ji haushi, amma daga baya na gode wa Allah, domin da na amsa a take, da zafin rai ne zai yi magana. Yanzu kuwa na kwana, na tashi, na rubuta, na yage, na sake rubutawa. Ke nan tun ban fara kawo hujja ba, ɗan'uwan namu ya riga ya ci moriyar abin da yake zagi.

Bari in fara da ba shi gaskiyarsa, don kada a ce na rufe ido na hau dokin zuciya. Gaskiya ne wasiƙa ta ja baya ƙwarai a matsayin hanyar aika labari. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, babu mai hankalin da zai sanar da rasuwa ko haihuwa ta gidan waya. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba. A watan Maris na 2025 kamfanin gidan waya na ƙasar Denmark ya ba da sanarwar zai daina raba wasiƙu a ƙarshen shekarar, bayan yawan wasiƙun da ake aikawa a ƙasar ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100 daga shekarar 2000. Gaskiya ne kuma zamanin wasiƙa yana da nasa ciwon. Wasiƙu sun sha ɓacewa a hanya, an sha buɗe ambulan a zare kuɗi, kuma 'yan damfarar da ake kira 419 da takarda da kan sarki suka fara kafin su koma intanet. Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne halin iyayenmu mata da ba su yi karatu ba, waɗanda dole su tona cikinsu ga yaron maƙwabta ko ga masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, kafin saƙonsu ya isa ga miji ko ɗa da ke Ikko ko Kurmi. Yau tsohuwa tana danna waya ta yi magana da bakinta, jikanta ya ji muryarta a Makka. Wannan ni'ima ce, wanda duk ya musa ta bai yi adalci ba.

To, amma a nan ne ɗan'uwan namu ya yi tuntuɓe. Ya ɗauka aikin wasiƙa guda ɗaya ne tak, wato kai labari, saboda haka da aka sami abin da ya fi ta sauri sai ya yanke mata hukuncin kisa. Da haka ake hukunci, ai da tuni an daina kiwon doki a ƙasar Hausa, tun da mota ta fi shi gudu, da kuma an rufe marinar Ƙofar Mata tun ranar da atamfar kanti ta cika kasuwa. Kai labari shi ne ƙaramin aikin wasiƙa, kuma shi waya ta karɓe, Allah ya raka taki gona. Manyan ayyukanta guda uku suna nan ba wanda ya karɓa: tana koya wa mutum tsara tunani kafin ya furta, tana ƙulla zumunci mai zurfi tsakanin waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, tana kuma ajiye tarihi. A kan waɗannan nake son mu yi magana, musamman mu da muke kiran kanmu marubuta.

Da farko ina son in kawar da wata gurguwar fahimta da na ji tana yawo a zauren ranar, wai rubuta wasiƙa al'adar Turawa ce da ta zo da makarantar boko, don haka in ta tafi ba mu yi asarar komai ba. Subhanallahi! Rashin sani ya fi dare duhu. Ita kanta kalmar wasiƙa daga Larabci muka aro ta, tun kafin Bature ya san hanyar Kwara. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Maghili ya rubuta masa nasihohi a kan yadda ake riƙon jama'a, kuma har gobe ana karanta su. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da wasiƙa ya yi shelar manufofinsa ga mutanen ƙasar Sudan. Muhawarar da aka tafka tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Borno, a kan ko ya halatta a yaƙi mutanen da suke salla da azumi don an same su da saɓo, da wasiƙu aka yi ta, kuma Bello ya adana ta a cikin Infaƙul Maisuri a shekarar 1812. Duba nan, mai karatu: mutane biyu da dakarunsu ke fuskantar juna a fagen fama, amma kowane ya zauna ya feƙe alƙalami, ya jera hujjojinsa, ya jira amsar abokin gabarsa wata da watanni. Shi dai wannan Bello, a shekarar 1824, ya ba Kyaftin Clapperton wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila.

Daɗin daɗawa, a shekarar 1877 wani matashi haifaffen Kano, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Alhaji Umaru Salga, ya wallafa littafi sukutum da Larabci a kan ilimin rubuta wasiƙa, yana nuna yadda ake rubuta wa sarki, da malami, da aboki, da abokin ciniki. Shekarunsa a lokacin ba su wuce 20 ba, wato bai kai ɗan'uwanmu mai jana'izar wasiƙa ba. Fatake masu safarar goro tsakanin Kano da Gwanja da irin waɗannan takardu suke riƙe amanar juna. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda aka fassara aka buga a 1927, kuma daga cikinsu ne masana tarihi suke gane halin da sarakunan ƙasar nan suka shiga lokacin da Nasara ke matsowa. To ina Bature a cikin wannan gado? Abin da ya kawo mana shi ne kan sarki da ambulan da akwatin gidan waya, su ma a can Ingila sai 1840 aka fara manna kan sarki. Sana'ar kuwa ya tarar da mu muna yin abarmu da alƙalamin gamba da tawadar ƙaro.

Mu dawo kan adabinmu na boko. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatu suna daga cikin abin da ya raya ta. A nan ne malaman firamare da ma'aikatan En'e da sojojin da ke bakin daga suka koyi yadda ake kai kuka a rubuce cikin hikima. Shi kansa editanta, Alhaji Abubakar Imam, bayan ya je Ingila a 1943 ya gana da Lugga, dogayen wasiƙu ya rubuta masa yana zayyana matsalolin Arewa ba tare da tsoro ba. Da sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, sauran gidajen rediyo suka biyo baya, sai ga dubban mutane daga Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan sun zama marubuta wasiƙa, suna aika tambayoyi ga shirin Amsoshin Takardunku, suna cika katin gaisuwa na Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Marubutan littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990 kuwa, wanene a cikinsu bai sa lambar akwatin gidan waya a bangon littafinsa ba? Ku tambayi manyanmu a wannan ƙungiya buhu nawa na wasiƙun masu karatu suka tara, kuma nawa daga cikin masu rubuto musu suka zama marubuta daga baya. Yawancinmu da wasiƙa muka fara, ko ta neman kuɗin makaranta wurin baba, ko wadda aka ɓoye a cikin littafin lissafi aka ba ƙanwar yarinya ta kai. Wanda ya hau tsani ya kai soro, bai kamata ya waiwayo ya ce a sare tsanin ba alhali ƙannensa suna ƙasa.

Ni kaina shaida ne. A shekarar 1996, ina aji huɗu na sakandare, na ji an karanta adireshin wani saurayi ɗan Damagaram a rediyo yana neman abokin wasiƙa. Na tara kuɗin tara na kwana uku na sayi kan sarki. Bayan kusan wata guda, ranar wata Juma'a, aka kira sunana a taron safe aka miƙo mini ambulan mai tambarin Jamhuriyar Nijar. Wallahi har yau ina jin bugun da ƙirjina ya yi. Da na buɗe sai na tarar da Hausa cikin rigar Faransanci, inda zan sa "c" shi "tch" yake sawa, inda zan sa "u" ya sa "ou". A wasiƙarsa ta biyu ya shaida mini cewa babban burinsa a duniya shi ne ya zama mushe. Na yi salati, na kwana ina juyayi, na rubuta masa shafi biyu na nasiha a kan kada ya yanke ƙauna daga rahamar Allah. Sai da amsa ta zo bayan mako biyar na gane ashe a wajensu mushe shi ne malamin makaranta, makarantar kuma lakwal. Mun shekara bakwai muna wannan musaya. Daga gare shi na san tarihin Sarki Tanimu da ganuwar Damagaram, na san yadda ake lissafin dala da jikka, na gane cewa Hausa ta fi ƙarfin unguwarmu. Domin in ba shi labarin garinmu kuwa, dole ta sa na riƙa zama wurin tsofaffi ina tambaya, don kada in ji kunya. Ba wani malamin Hausa da ya koya mini siffanta abu kamar yadda wannan yaro da ban taɓa gani ba ya koya mini. Allah cikin ikonsa, mu duka biyun mushe muka zama.

Ga abin da ya biyo baya, kuma shi ne zuciyar maganata. Da waya ta zo muka yi murna, muka karɓi lambar juna, muka ce yanzu zumunci zai ƙara danƙo. Shekara ta farko muna kira, ta biyu muna tes, daga nan sai barka da salla, yau kuwa sai dai in ga ya turo hoton fure da "Juma'at Mubarak" wanda ya tura wa mutum ɗari tare da ni. A cikin shekara bakwai na wasiƙa na san sunan akuyar gidansu. A cikin shekara ashirin na waya ban san sunayen 'ya'yansa duka ba. Ba gaba muka yi ba, sauƙi ne ya kashe mu. Abin da kake iya yi kowane lokaci shi ne abin da ba ka taɓa zama ka yi shi da kyau.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Mai rubuta wasiƙa ya san dama ɗaya gare shi a wata, ya san takarda tana da iyaka, ya san in ya yi kuskure sai ya soke ko ya sake sabon falle. Saboda haka kafin ya ɗora biro sai ya tambayi kansa: me nake son in faɗa, da me zan fara, me zan bari? Wannan tambaya ita ce gaba ɗayan sana'ar marubuci. Kuma da yake wanda ake rubuta wa ba ya nan balle ya ga fuska ko ya ce "me kake nufi", dole jimla ta tsaya da ƙafarta. Sannan akwai jira. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, amma ita wasiƙa tana ba ka dare guda tsakanin zarowa da jefawa a akwati, kuma aure nawa da zumunci nawa wannan dare ya ceta, Allah kaɗai ya sani. Yau fa? Miji ya fusata da azahar, kafin la'asar saki ya isa ta WhatsApp. Marubuci ya ji an soki littafinsa, kafin ya gama karanta sukar ya zagi iyayen mai sukar a Facebook. Muhawarar Adabin Kasuwar Kano da manyanmu suka gwabza a jaridu a shekarun 1990 ta yi zafi matuƙa, amma da yake kowa sai ya zauna ya rubuta ya aika ya jira fitowa ta gaba, hujjoji aka bar mana, har ana rubuta kundayen digiri a kansu. Wace muhawara tamu ta yau za a nazarta nan da shekara 30?

Ɗan'uwanmu ya ce ina ɓata wa yara lokaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in gaya masa abin da nake gani a aji. Shekarata 18 ina riƙe da alli. A zangon farko na bara na ba 'yan aji huɗu aikin rubuta wasiƙa zuwa ga kawu. Cikin yara 54, fiye da rabi sun buɗe da "slm ykk", wasu sun rufe da "ngd". Babu kwanan wata, babu sakin layi, babu aya. Mafi yawansu ba su kai layi shida ba suka tsaya, ba don ba su da wayo ba, sai don ba su taɓa riƙe tunani ɗaya na minti goma ba. Guda huɗu kuma suka kawo mini wasiƙu tsaf-tsaf masu kama da juna kamar an tsaga kara, da na matsa sai suka amsa cewa ChatGPT ne ya rubuta, su kwafa kawai suka yi. Waɗannan yara su ne za su zauna jarrabawar WAEC da NECO, inda rubuta wasiƙa ke cikin manhajar insha'i ta Hausa da ta Ingilishi. Su ne kuma gobe za su rubuta takardar neman aiki, da rahoton ofis, da ƙorafi ga hukuma. In an ce ai inji zai rubuta musu, sai in ce to wa zai gane in injin ya yi ƙarya?

Ganin haka na tuntuɓi wani abokin karatuna da ke koyarwa a wata jiha, muka haɗa ajinsa da nawa, namiji da namiji, mace da mace, da sanin shugabannin makarantu da yardar iyaye. Sharaɗinmu uku ne: da hannu za a rubuta, ba a ba da lambar waya, kuma ta hannun malamai saƙo zai bi. Sau ɗaya a wata nakan zuba wasiƙun a babban ambulan in kai tasha in ba direba, kuɗin bai kai na katin waya na mako guda ba. Wasiƙun farko ba su da daɗin gani. Amma ranar da amsa ta iso, na ga abin da ban taɓa gani ba, aji ya yi tsit har ana jin motsin takarda. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta rubuta shafi uku tana bayyana wa ƙawarta yadda kakarta ke yin daddawa, tun daga dafa kalwa har shanya, cikin tsari da Hausa mai daɗi wadda ni ma sai da na koyi kalmomi biyu. Wani yaro da aka sani da rashin ji ya zo yana tambayata yadda ake rubuta "ƙ" da "ɗ" daidai, wai kada abokinsa ya raina shi. Shekara nawa ina jan kunne a kan ƙa'idojin rubutu da jan biro ban ci nasara ba, ashe abin da ya rasa shi ne mai karatu na gaske wanda yake jin kunyarsa. Ban ce duka sun gyaru ba, akwai kusan goma da har yau sai da tsawa. Amma gani ya kori ji.

Kada kuma a ɗauka mu ne kaɗai 'yan ƙauyen da muka maƙale wa biro. Ƙasar Sweden, wadda ta yi nisa wajen raba wa yara na'urori a aji, a shekarar 2023 gwamnatinta ta juya akala ta ce a koma ga littafin takarda da rubutun hannu a ƙananan azuzuwa. A 2024 wasu masana a jami'ar Trondheim ta ƙasar Norway suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai 36, inda suka ga sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗa kai da juna lokacin rubutu da hannu fiye da lokacin danna madannai. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a 1874, tun 1971 take shirya gasar rubuta wasiƙa ta yara duk shekara, ana shiga ta hannun gidan wayar kowace ƙasa. Wani ɗan ƙasar Fotugal ya ƙirƙiro shirin Postcrossing a 2005, inda baƙi ke aika wa juna katin gaisuwa ta gidan waya, kuma katunan da aka aika sun haura miliyan 70. Waɗannan mutane sun fi mu intanet, sun fi mu wutar lantarki, amma sun mai da wasiƙa abin sha'awa da hutun rai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru ko dashen fure. Mu da ko cajin waya sai mun kai shago, mu ne za mu riga su zubar da alƙalami?

Saura magana ta uku, wadda ta fi shafar wannan ƙungiya, wato ajiye tarihi. Nelson Mandela, a farkon zamansa na kurkukun tsibirin Robben daga 1964, wasiƙa ɗaya aka yarda ya rubuta a cikin wata shida, kuma kada ta wuce kalma 500. Duk da haka a 2018 an tattara wasiƙunsa na kurkuku guda 255 an buga littafi. Nehru na Indiya daga kurkuku ya koya wa 'yarsa Indira tarihin duniya ta hanyar wasiƙu kusan 200. Mariama Ba ta Senegal da sigar wasiƙa ta gina littafinta da ya ci kyautar Noma a 1980, wanda da yawanmu muka karanta a makaranta. To mu fa, me za mu bari? Ina hirarrakin da muka yi a BBM kafin a rufe shi a 2019? Ina saƙonnin da ke cikin wayar da aka ƙwace maka a bakin titi, ko wadda ta faɗa rijiya? In yau ɗaya daga cikin manyan marubutanmu ya kwanta dama, ɗalibin da zai rubuta tarihinsa me zai tarar ban da waya mai kulle wadda ba wanda ya san lambar buɗe ta?

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai yi boko ba, da ajami yake rubuto mini lokacin da nake makarantar kwana. Wasiƙunsa uku suka rage a hannuna. Babu wata hikima ta a-zo-a-gani a ciki, gaisuwa ce, da labarin damina, da gargaɗin in riƙe salla, da bayanin cewa ya ba direba naira hamsin ya kawo mini. Amma ga inda tawada ta yi yawa don ya sake tsoma alƙalami, ga inda hannunsa ya fara rawa a ta ƙarshe. Ranar da na nuna wa 'yata ta fari, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, sai ta ɗora yatsa a kan rubutun ta yi shiru. Ina son ɗan'uwanmu ya gaya mini me zai ɗora a hannun jikarsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya da abubuwa huɗu, kuma babu wanda yake buƙatar tallafin gwamnati. Na ɗaya, a ware shafi biyu a kowace fitowa ta wannan mujalla domin wasiƙu, a riƙa ɗaukar hoton wadda ta fi kyau da rubutun hannun mai ita a buga. Na biyu, kowane reshe ya ɗauki makarantun sakandare biyu ko uku ya haɗa su da na wani reshe, har da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da zangunan Kumasi, bisa sharuɗɗan tsaro irin waɗanda na ambata, domin ba mu yarda a buɗe wa ɓata-gari ƙofar shiga wurin yara ba. Na uku, a shirya gasar wasiƙa ta Hausa, boko da ajami, a riƙa ba da kyautar ranar 9 ga Oktoba, wadda ita ce ranar gidan waya ta duniya. Na huɗu, a kafa kwamitin da zai bi dattawan marubutanmu da iyalan waɗanda suka rasu, a roƙi wasiƙun da ke cikin akwatunansu, a ɗauki hotonsu, a kai asalin wurin adana kayan tarihi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, kafin gara da ruwan sama da masu ƙosai su riga mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa ɗan'uwana da ya yi wa wasiƙa salla tun tana numfashi, ban riƙe shi da komai ba, kuma ban ce ya jefar da wayarsa ba, ni ma da tawa a aljihu. Abu ɗaya nake nema a wurinsa. In yana da martani, kuma na san yana da shi, kada ya turo mini ta waya. Ya sami falle biyu na takarda, ya zauna bayan sallar isha'i, ya rubuta da hannunsa, ya bar ta ta kwana, da safe ya sake karantawa, sannan ya ba Edita ya ajiye mini. In ya yi haka bai ji wani abu ya canza a cikin maganarsa ba, na yarda ya kayar da ni, kuma zan faɗi haka da bakina a zama na gaba. Ina nan ina jira, sannu ba ta hana zuwa.

Haza wasalam.